Littafin aikin tayar da Peugeot 504 GL a Sabon Garin Zariya

9 ga Nuwamba

An kawo motar da hantsi daga wani gida a Tudun Wada. Da sandar ƙarfe aka jawo ta maimakon igiya, domin birki babu ko ɗis, kuma sai da aka ɗaura mata tayoyin aro huɗu kafin ta motsa. Peugeot 504 GL ce salun, ta ƙarshen shekarun 1970, fara, mai giya huɗu a ƙasa. Shekara goma sha ɗaya ta yi a gindin darbejiya. Ɓera ya yi gida a kujerar baya, rana ta tsattsage dashbod, kashin tsuntsu ya cinye fentin rufi. Amma da aka sa ƙaramar guduma aka bi ƙasan bodi ana ƙwanƙwasawa, ƙarfe ne ke amsawa kusan ko'ina. Alherin busasshiyar iskar Arewa ke nan. Irin wannan motar da a bakin teku ta zauna, da tuni ƙafa na leƙa titi ta ƙasan kujera.

Magadan mai ita sun kafa sharaɗi ɗaya: kada a cire injinta a dasa na wata motar Japan, kamar yadda aka yi wa 'yan uwanta da dama. Suna so ta koma yadda suka san ta suna yara. Wannan ya yi daidai da ra'ayin gareji.

Kafin azahar mutum ya fi goma da ya tsaya kallo, yawancinsu masu furfura, kuma ba wanda ya kira ta da sunan da ke jikin takarda. Fijo kawai. A Faransa aka fara fito da 504 a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, ta ci tseren Safari na Kenya a 1975. A shekarar ce kuma kamfanin PAN (Peugeot Automobile Nigeria) ya fara haɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna, tafiyar kilomita tamanin ko kusan haka daga nan. Daga baya gwamnatin soja ta mayar da ita motar hukuma, sai ta zama ita ce motar babban sakatare, ta alƙali, ta malamin jami'a a Samaru da ya samu bashin mota, ita ce kuma ake arowa ranar ɗaukar amarya. Faransa ta daina yin salun ɗin a 1983, Kaduna ba ta daina 504 ba sai 2006. Shi ya sa har yanzu ana samun kayanta, shi ya sa kuma ake samun jabunsu.

12 ga Nuwamba

Ba a taɓa makulli ba tukuna. Motar da ta daɗe haka, wanda ya ɗaura batir ya murɗa kai tsaye ringin fistin zai karya. An cire fulogi huɗun, an zuba cokali biyu-biyu na baƙin mai gauraye da kananzir a kowane rami, aka bar shi kwana biyu. Yau an sa sufana a notin fule na gaba, inji ya juya da hannu, da ɗan tauri a zagayen farko, daga nan ya saki.

Man da aka tsiyaye daga ƙasa ya fito da ruwa a gaba, kusan kofi guda, sannan wani abu mai kalar kunun gyaɗa ya biyo. Da aka zuba sabon mai aka auna matsin kowace silinda, an samu 135, 70, 75, 130. Biyun tsakiya da ke maƙwabtaka sun faɗi tare, alamar gaskit ya ƙone a tsakaninsu. Wato ba tsufa ne ya ajiye motar nan ba. Zafi ta yi wata rana, aka lallaɓa ta zuwa gida, aka ce sai an samu kuɗi.

20 ga Nuwamba

An sauke inji, an buɗe kai, wato murfin da ke rufe saman silinda. Nan ne aikin 504 ya bambanta da na motocin da yaran gareji suka saba gani yanzu, don haka za a ɗan tsawaita.

Injin shi ne XN1, mai cc 1971, silinda huɗu, kwance a karkace digiri 45 don bonet ya yi ƙasa. Bulok ɗin ƙarfe ne, kan kuwa alminiyom. Fistin ba a cikin naman bulok yake gudu ba, a cikin silif yake, wani bututun ƙarfe da ake zarewa, ruwan sanyaya inji na zagaye shi kai tsaye. Kowane silif yana zaune ne a kan siririn gaskit a gindinsa, kuma ba abin da ke danne shi sai kan injin. Da zarar an cire kai, silif ɗin a sake suke. Wanda ya juya inji a wannan hali, fistin zai ɗago silif, gaskit ɗin gindi ya tsage, bayan an gama haɗawa ruwa ya riƙa sauka cikin mai, a rasa daga ina. Saboda haka ba a fizge kai sama. Ana girgiza shi gefe da gefe har ya rabu da gaskit, sannan nan take a danne silif ɗin da tsofaffin kusoshi biyu da manyan wasa da guntun bututu.

A wannan injin duk da haka sai da aka zare su, domin abin da aka gani a zagayensu ya wuce a rufe ido. Laka ja ta cika gindin ramin ruwa har kaurin yatsa biyu, ta daskare a bayan silinda ta ƙarshe. Bakin ramukan ruwa na jikin kai ya zaizaye kamar gara ta ci. Aikin ruwan rijiya ne zalla shekara da shekaru: ƙarfe da alminiyom a cikin ruwa ɗaya ba tare da maganin hana tsatsa ba, alminiyom ɗin ne ke biyan bashi. Da aka buɗe gidan tamostat, abin da ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumi, babu kowa a ciki. Fanka kuma an ɗaure ta tana juyawa ba tsayawa. Duk gyaran gangar auzinawa ne, za a dawo kansu.

An ɗora ƙarfen awo a fuskar kai, an samu lanƙwasa ta milimita 0.15 a tsakiya, daidai wurin da gaskit ya ƙone. Zai je a share fuskar, a kuma cike wurare biyu da waldar alminiyom. An gargaɗi mai injin sharewa kada ya wuce abin da zai daidaita fuska, domin kai ba ya tsiro. Kiranshaf an auna shi, bai taɓa zuwa yanka ba, goge shi kawai za a yi a sa metal na asalin awo.

4 ga Disamba

Neman kaya ya ci mako biyu. A Sabon Gari an samu fulogi, kontak, kondensa, fambel da robobin birki. Sauran sai da aka je Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Silif da fistin da ringi a kwali ɗaya ake sayensu, kowane fistin da silif ɗinsa, ba a musanya su. An samo sarkar taimin da abin ɗame ta, famfon ruwa, da tamostat mai buɗewa a digiri 75.

Gaskit ɗin kai na farko da wani mai shago ya bayar, kwalinsa ya fi na gaske kyau. Da aka ɗora shi a kan bulok sai ramukan ruwa biyu suka kauce da kusan rabi, zoben bakin silinda kuma ana lanƙwasa shi da farce. An mayar, an ƙara kuɗi an karɓo wani. Araha ba ta ado. Duk mai sayen gaskit ya tafi da tsohon a hannu, ya haɗa su rami da rami a gaban mai shago.

18 ga Disamba

An haɗa inji. Abin da ya fi cin lokaci shi ne tsayin silif. Dole bakin kowanne ya ɗara fuskar bulok da kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita, kuma kada wani ya fi maƙwabcinsa tsayi sosai, don gaskit ya danne su daidai wa daida. Gaskit ɗin gindi kauri-kauri ne, ana gwadawa ana aunawa da agogon awo a wurare huɗu na kowane silif. Na uku sai da aka zare shi sau uku. Ashe ɗan ɓurɓushin tsatsa ne ya saura a mazauninsa. Wuni guda ya tafi a nan, kuma bai tafi a banza ba.

An ɗaure kusoshin kai da sufana mai awo, daga tsakiya zuwa gefe, mataki-mataki yadda littafin injin ya tsara. Masu sa dogon bututu su ja har sai sun ji a jikinsu, su ne ke dawo da mota bayan wata uku.

Bawul ana saita su inji na sanyi: na shiga 0.10, na fita 0.25. Hanya mai sauƙi ita ce a juya har bawul ɗin fita na silinda 1 ya buɗe gaba ɗaya, a saita na shiga na 3 da na fita na 4. In na 3 ya buɗe, a saita shiga 4 da fita 2. In na 4 ne, shiga 2 da fita 1. In na 2 ne, shiga 1 da fita 3. Jerin wuta 1-3-4-2 ne. Sai dai Peugeot daga wajen kuloci take fara ƙirga silinda, wato ta ɗaya ita ce ta kusa da direba, ba ta kusa da lagireto ba. Yaron gareji ya jera wayoyin fulogi da ƙirgan motocin Japan, maigidansa ya hango daga nesa ya ce, “Kai, wannan Bafaranshiya ce, daga baya take farawa.” An sake jerawa. Tazarar kontak 0.40, ta fulogi 0.6. Fulogin a cikin dogayen bututu suke zaune, an sa sababbin robobi a bakinsu don kada mai ya taru a ciki ya kashe wuta.

27 ga Disamba

An wanke tanki, mai cin lita 56, sau uku da tsakuwa da kananzir, an canza robobin mai duka. Kafireton Solex an warware shi: allurar da ke tsayar da mai ta ci, robar famfon totur ta bushe kamar ganda. An zuba baƙin mai 20W-50 lita huɗu, an juya inji ba fulogi har fitilar mai ta mutu, sannan aka mayar da su. A murɗawa ta uku ta tashi. Hayaƙi ya turnuƙe na minti biyar ya washe. Wani dattijo mai sayar da goro a bakin titi ya taso ya zo ya tsaya, ya ce shi tun daga can ya gane sautin.

10 ga Janairu

Maganar fanka da tamostat. Fankar 504 ba kullum take aiki ba. A jikin fulen famfon ruwa akwai maganaɗisun lantarki, wani ɗan gawayi na kai masa wuta, makunni a jikin lagireto kuma shi ke ba da umarni idan ruwa ya yi zafi. Sai a ji ƙas, fanka ta kama. Ruwa ya huce ta saki. Akwai kusoshi uku na saita tazarar, wajen milimita 0.3. An tanade su ne ta yadda in abin ya lalace a hanya za a ɗaure su a ƙarasa gida, amma sai aka mayar da wannan dabarar ta gaggawa ta zama gyara na dindindin. A nan gawayin ne kawai ya ƙare, abin da bai kai kuɗin faranti ɗaya na shinkafa ba. An sa sabo, an sassauta kusoshin, an canza makunnin.

Cire tamostat da ake yi da sunan ƙasarmu akwai zafi, ba ya hana mota zafi. Abin da yake jawowa shi ne a safiyar hunturu irin ta yanzu inji ya yi ta gudu a sanyi, fetur na wanke bangon silinda, cok, mai ƙara wa inji fetur lokacin sanyi, wanda ke aiki da zafin ruwa, ya ƙi buɗewa da wuri, mota ta yi ta shan mai. In mota na zafi, a duba lagireto. Na wannan an buɗe shi sama da ƙasa an zura tsinke, kusan kashi ɗaya cikin uku na bututun a toshe suke. Ruwan da aka zuba, kusan lita takwas, tataccen ruwa ne irin na batir gauraye da ruwan kulan. Ba don ƙanƙara ba, don kan alminiyom.

29 ga Janairu

An koma ƙasan mota. Duk wanda ya tsaya yana yabon Fijo, in aka bi maganarsa, ba gudu yake tunawa ba. Laushi yake tunawa, yadda take shanye gargada a hanyar Jos ko ta Funtuwa yara na barci a baya. Wannan laushin kuwa ba sihiri ba ne. Sifirin dogaye ne masu nisan tafiya, a GL kowace tayar baya da hannunta daban, shokazoba kuma Peugeot da kanta take ƙera su don su dace da sifirin ɗin. Farfela a cikin bututu take gudu daga giya zuwa aksil, abin da ke rage girgiza, ya kuma kare ta daga duwatsu.

A wannan motar an taɓa sa mata shokazoban baya na wata motar ɗaukar kaya, an yi musu waldar kunne. An cire, an samo na asali tsofaffi masu rai, an gwada su a hannu: su ja da nauyi, su koma a hankali, ba tsalle a tsakiya. An canza robobin hannuwan gaba, robobin da ke riƙe gadar baya, da rigunan shaf biyu da suka yage. Dattawan da ke zuwa kallo duk gwaji ɗaya suke yi, su danna gefen but da tafin hannu su saki. Yanzu tana sauka ta taso sau ɗaya ta tsaya.

Birki faifai ne gaba da baya. Fistin ɗin na baya ba a tura shi da ƙarfi, sai an ɗan murɗa shi ya saki abin da ke saita birkin hannu, sannan ya koma. An tarar an taɓa danne ɗaya da maƙata an lalata cikinsa, sai da aka nemo wani. An canza robobin masta, da na kuloci sama da ƙasa tunda shi ma da mai yake aiki. Giya baƙin man inji take sha, lita ɗaya da ɗan ɗori, ba mai kauri ba. Kaurin nan ne ke sa giya ta biyu ta ƙi shiga da safe. Aksil ɗin baya shi ne mai shan 80W-90.

Taya ta asali 175 R14 ce. Wadda ake samu da wannan lamba a kasuwa yanzu yawanci mai harafin C ce, ta motar kaya, gefenta kamar katako, ita kaɗai ta isa ta rushe duk aikin da aka yi a sama. An zaɓi 185/70 R14. Ta ɗan fi ta asali gajarta, don haka agogon gudu zai riƙa ƙari da kusan kashi uku cikin ɗari. Rim kuwa dole nata, domin tazarar kusoshinta huɗu 140 ce, na yawancin motoci ba ya hawa.

19 ga Fabrairu

Mai walda ya gama: mazaunin batir, kusurwar but ta hagu, da gindin ƙofofin baya. An kankare, an shafa fenti na fari. Fenti na ƙarshe an ɗaga shi, hazo ya sake saukowa kwana huɗu ke nan, ko an yayyafa ruwa a ƙasa ƙura na sauka a kan ɗanyen fenti.

15 ga Maris

An yi fenti makon jiya da sassafe, a rufaffen ɗaki, fari mai ɗan ratsin madara irin wanda aka samu a cikin murfin but inda rana ba ta taɓa ba. Mai kushin ya so ya cika kujeru da soso mai tauri ya rufe da leda mai sheƙi. An hana. Rabin laushin motar a kujera yake. An gyara sifirin ɗin ciki da suka karye, an sa soso mai taushi hawa biyu, an nemo yadi mai kauri ruwan ƙasa. Dashbod ba a samu mai lafiya ba tukuna, an rufe tsagar da fata kafin a dace.

6 ga Afrilu

Gwajin hanya na farko, daga Kwangila ta Samaru da Shika zuwa Giwa da dawowa, da tsakar rana a zafin bazara, mutum huɗu a ciki. Ba a wuce 80 ba saboda sabon ringi. Allurar zafi ta tsaya a tsakiya. A cunkoson kasuwar Samaru fanka ta kama sau biyu ta saki. A kan tudun rage gudu ba a ji ƙarar komai daga ƙasa ba. A gidan mai wani ya tambaya ko ta sayarwa ce tun kafin a kashe inji.

Abubuwa uku sun fito. In aka saki totur tana neman mutuwa, kuma da aka fesa ɗan fetur a gindin kafireto sai inji ya ɗaga murya, wato iska na shiga ta nan. Gindin ya lanƙwashe saboda ɗaurin ganganci, za a goge shi a kan gilashi da takardar yashi a sa sabon gaskit. Sitiyari na ɗan ja dama, sai an je saiti. Fitilar caji kuma na ƙyaftawa a ƙananan gudu, rewaya ya ce burushin altaneta ne.

28 ga Afrilu

Ta cika kilomita 1,000. An bar ta ta kwana ta huce, an sake ɗaure kusoshin kai ɗaya bayan ɗaya, an sake saita bawul, an zubar da man farko da matatarsa. Man ya fito baƙi sak, babu alamar ruwa. Matsin silinda yanzu 150, 150, 145, 150. Kafireto da altaneta da saiti duk an gama.

Ruwan farko ya sauka daren jiya, ya nuna abin da hunturu ya ɓoye: tabarmar gaba ta dama ta jiƙe, but ma ya tara ruwa a kusurwa. Robar gilashin gaba ce ta tsufa ta ja baya a kusurwar ƙasa, ta but kuma ta mutu gaba ɗaya. An aika Kano a nemo duka biyun, kafin nan motar na kwana a rumfa. Kejin da ke riƙe safaya a ƙarƙashin but ya cije, an jiƙa shi da mai. Saura dashbod, gilashin fitilar hagu mai tsaga, da ɗan zakin gaban giril, wanda aka ɓalle tun tana gindin darbejiya. An ga guda biyu a Kaduna, duka na 505 ne, ba su hau ba.